Ranar da Bawa Ya Rataye Rigarsa a Ƙusa

Cikin duk waɗanda suka ga wannan abu da idonsu, ni kaɗai na rage. Gogo Raliya ta rasu, Wilson ya rasu a can Maiduguri, Bawa kansa ya rasu yana rantsuwa cewa ba haka aka yi ba. Saboda haka zan faɗe shi yadda na rubuta a littafina a yammacin ranar, wata Laraba cikin Afrilu na 1971, lokacin da zafin Jimeta ke sa kare ya ƙi yin haushi.

A bakin hanyar Rumde akwai shaguna uku a jere, gini ɗaya. Na hagu na Hamajoɗa ne mai aski, wanda ya sayo kilifa mai aiki da lantarki yana ji da ita kamar ɗiyarsa. Na tsakiya na Edna ne, mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi daga wani tsohon firji mai gurnani. Na dama kuwa injin niƙa ne na Gogo Raliya, wanda rabin unguwar ke cin tuwo da shi. Dukansu uku daga akwatin ƙarfe guda suke samun wuta, a jikin bango ta waje. Cikin akwatin akwai fis uku na tangaran, farare, kamarsu ɗaya, kowanne na shiga ramin ɗan'uwansa.

Mai kula da akwatin shi ne Wilson, ma'aikacin gidan wuta, wanda muka yi makarantar mishan tare a Numan. Mutum ne marar surutu. Dokarsa uku ce, kuma duk mai zama a wurin ya haddace ta don yawan maimaitawa: ka cire fis, ka sa shi a aljihunka kada wani ya mayar, sannan ka gwada da ƙwan fitila ka tabbata babu wuta kafin ka taɓa komai. Ya kuma yi zane da alli a ƙarƙashin kowane rami don a san na wane ne.

To sai aka yi wa Wilson canjin wurin aiki zuwa Maiduguri. Jauro Bobboyi, mai unguwa, ya sayo kwaɗo, ya ce ranar Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya zai zo ya kulle akwatin, ya danƙa makullin a hannun wanda ya cancanta. Makulli ne ƙarami, bai kai tsawon yatsa ba. Amma tun da Bawa ya ji labarinsa bai sake barci mai daɗi ba.

Bawa ya taɓa aiki a gidan wuta, wannan gaskiya ne. Kwana goma sha tara ya yi yana ɗaukar tsani. A rana ta ashirin ya jingina tsanin a jikin wata mota da bai san direba na ciki ba, aka sallame shi. Tun daga nan ya hana a kira shi Bawa kawai, sai Bawa Injiniya. Yakan ce shi ya kunna wutar madatsar Kainji. Ni na san inda ya ga Kainji: jikin kalanda ne a shagon Hamajoɗa.

Ranar Talata da la'asar injin Gogo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Washegari da safe Wilson ya tafi Yola Gari gyaran wani famfo, ya aiko cewa a jira shi. Mata suka jera ƙorai da kwanoni har bakin kwalbati. Ƙarfe goma saura kwata, ina zaune kan bencin aski ina jiran layi, sai ga Bawa cikin sabuwar babbar riga shuɗiya mai aska takwas, da wando buje, yana riƙe da jakar fata.

"Ku matsa, ku matsa! Asibiti ya zo har gida!"

"Wa ya kira ka?" in ji Gogo.

"Gogo, likita ba ya jira a kira shi in ya ji maƙwabci na nishi. Kafin Jauro ya iso, injinki na waƙa. Sai ya zo ya ga wanda ya dace da makulli."

"Wilson ya ce a jira."

"Wilson! Ni na riƙe masa tsani ya hau ya koyi aikin. Ba don ni ba da har yanzu yana ƙasa."

Ya buɗe jakar. Na leƙa na ƙirga: sukundireba ɗaya, filaya mai tsatsa, da wuƙar yanka albasa ta matarsa. Babu ƙwan gwaji.

Ya nufi akwatin ya buɗe, ya ja tsaki. "Dubi ƙazanta! Haka ake barin kayan gwamnati?" Ya sa hannun riga ya goge zanen allin Wilson tas, har yana hura masa iska. Sannan ya baza rigar ya rufe akwatin da bayansa.

"Me kake ɓoyewa?" in ji wata mata a layi.

"Sirrin sana'a, Inna. In kowa ya gani, gobe kowa injiniya ne."

Muka ji ƙas.

A cikin shagon aski kilifa ta yi shiru. A kan kujera kuwa Malam Mika'ilu ne, magatakardan kotun alƙali, wanda ake jira da takardu ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Hamajoɗa ya riga ya share masa gefen dama tun daga goshi har ƙeya, gefen hagu na nan da sumarsa. Ya fito da ƙyallen aski a wuya.

"Wane la'ananne ne ya ɗauke wuta?"

"Gwaji ne, Malam," in ji Bawa ba tare da ya waiwayo ba. "Yanzu na tabbatar shagon aski na da lafiya."

"Da ma wa ya ce maka ba shi da lafiya? Dubi kaina!"

"Ya yi kyau. A Ikko haka manya ke yi."

Muka sake jin ƙas. Bawa ya juyo yana kaɗe hannu. "Shi ke nan. Na kashe injin. Ku saurara. Kun ji motsi?"

Kowa ya kasa kunne. Ba motsi.

Gogo ta gyara ɗaurin zanenta. Hausarta irin ta mutanen Yola ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Bawa, tsaya. Wannan inji tun jiya shiru yake. Yaya ka san wutan ya fita, tun da ko da wuta ko ba wuta ba ya magana?"

Ni kaina sai da na ɗago na dube ta.

"Gogo, wannan tambayar masu niƙa ce, ba ta masu ilimi ba."

"Wilson yana sa ƙwai ya gani."

"Wilson tsoro ke gare shi. Ni jikina ne ƙwan. Ni da lantarki mun san juna tun Kainji. In yana wuri, gashin hannuna kan gaya mini." Ya nuna mata hannun. "Kin gani? Kwance yake."

Ya shiga shagon, ya kwance murfin da ke bayan motar injin, ya ɗaga sukundireba sama don na baya su gani, ya zura.

Wani shuɗin haske ya yi tau! Bawa ya yi tsalle da baya kamar akuyar da aka watsa wa ruwan zafi, ya zauna daɓas cikin daron jiƙaƙƙen gero. Bakin sukundireban ya yi baƙi, yana hayaƙi. Gashin hannun da ya ce kwance yake, duk ya miƙe, har da na gira.

Mata suka yi salati. Wata ta ce, "Ya mutu?"

"Wa ya mutu?" Ya tashi, gero na zuba daga gindin rigar. Muryarsa ta koma siririya. "Gaisawa muka yi. Ya daɗe bai gan ni ba."

"To ya gaishe ka da kyau," in ji Hamajoɗa. "Ka ce masa mu ma muna gaisuwa, amma daga nan."

Sai ga Edna ta fito daga shagon tsakiya, hannunta a jiƙe. "Oga Bawa! Firjina ya daina kuka! Wetin you do? Ƙanƙara ashirin ke ciki, yau kuma kasuwa!"

Ashe fis na biyu nata ne. Bawa ya koma akwatin da sauri, ya sake rufe shi da baya, ya fizge na ukun. Ya juyo ya ɗaga duka ukun a tafin hannu, ya zuba su a aljihun gaban riga, ya dafe.

"Dokar aiki ke nan. Fis a aljihun mai gyara. Ni na koya wa Wilson."

"To mayar mana da namu biyun," in ji Malam Mika'ilu.

"Ba zai yiwu ba."

"Don me? Ka ce na injin ne ka cire yanzu."

Gaskiyar ita ce gaisuwar da aka yi masa ta shige shi, ba ya son ko ɗigon wuta ya rage a ginin. Amma sai ya ce, "Malam, kai shari'a ka sani. Wuta tana bi ta ƙarƙashin ƙasa kamar gara. In na ba aski, sai ta zagayo ta same ni. Minti biyar kawai."

Daga nan ya dubi rigarsa. Gefe ɗaya gero, hannu ɗaya alli, ga kuma ƙarƙashin injin duk baƙin mai. Rigar da zai karɓi makulli da ita a gaban Jauro. Ya tuɓe ta a hankali, ya kaɗe, ya rataye a ƙusar da ke ƙofar shagon daga waje inda iska za ta busar da ita. Ya rage daga shi sai singileti da buje.

Gogo ta nuna makunnin da ke jikin bango, wanda yake a kunne tun jiya da injin ya tsaya. "In kashe wannan?"

"Bar shi, Gogo. Me zai kunna? Wutar duk tana aljihuna."

Ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin injin. Na duba agogo: goma da minti goma sha biyu.

Goma da ashirin, wani noti ya gangaro ya wuce ƙafar Gogo ya faɗa kwata. Goma da rabi, ya nemi a miƙo masa wuƙar albasa. Goma da talatin da biyar, ya buga wani abu, garin da ya shekara maƙale a cikin bututu ya zubo masa a fuska, ya yi atishawa bakwai. Ya jawo wani busasshen tsaka ya jefo waje, ya ce ga ɓarawon. Ruwa kuwa ya fara fitowa daga ƙarƙashin ƙofar Edna yana bin hanya.

Malam Mika'ilu ya durƙusa a bakin injin. "Bawa, don girman Allah. Alƙali na jirana."

"Sa hula."

"Hular ba ta zama! Gefe ɗaya ta nutse, gefe ɗaya ta hau!"

"To a ƙarasa da aska."

"Askata na wurin wasawa," in ji Hamajoɗa. "Tun da na sayi kilifa ban waiwaye ta ba."

"Minti biyar!" in ji Bawa daga ƙarƙashi.

Malam Mika'ilu da Hamajoɗa da Edna suka koma waje suka tsaya a gaban rigar. Aljihun ya yi nauyi, ana ganin tudun fis ɗin. Edna ta miƙa hannu, Hamajoɗa ya tare ta.

"A'a, Madam. Hannu a aljihun mutum? A gaban jama'a? Ni ɗan Yola Gari ne. Gobe a ce a shagona aka yi."

"To kai ka sa."

"Ni? Kakana ya tashi daga kabari ke nan."

Suka dubi Malam Mika'ilu. Ya shafa gefen da aka aske, ya shafa wanda ba a aske ba, ya yi gyaran murya irin ta kotu.

"Zura hannu a aljihun wani ba da izninsa ba, haramun ne, babu saɓani. Amma riga ce jiƙaƙƙiya. Kaɗe wa ɗan'uwa rigarsa taimako ne. In kuwa garin kaɗewa wani abu ya faɗo ƙasa, wannan ya zama tsintuwa. Mai tsintuwa kuma wajibi ne ya mayar da ita inda ta fito."

"Allah ya ƙara ilimi," in ji Hamajoɗa.

Suka sauke rigar, suka kama ta ta ƙasa su biyu, suka juya ta, suka taimaka mata sosai. Goro biyu suka faɗo, da mataji, da fis uku. Ba wanda hannunsa ya taɓa aljihu. Edna ta karɓi rigar ta ce bari ta ajiye masa, ta shige shagonta da ita.

A gaban akwatin suka tsaya. Rami uku, babu alli.

"Abu ne a fili," in ji Malam Mika'ilu. "Aski na hagu, ramin hagu nasa. Madam na tsakiya. Injin na dama, ba mu taɓa shi."

Hamajoɗa ya waiwayo gare ni. "Akawu, ko ba haka ba?"

Na ce, "Da dai kun jira Wilson." Haka na ce, amma a hankali na faɗa, kamar mai neman a miƙo masa buta. Shekara hamsin ke nan ina jin haushin sanyin muryar nan tawa. Da ramukan na bin jerin shaguna, me zai sa Wilson ya ɓata allinsa?

Malam Mika'ilu ya yi bisimilla ya danna fis a ramin hagu.

Injin Gogo ya yi ruri.

Abin da ya faru shi ne, cikin duk ɓarnar da Bawa ya yi a ƙarƙashin nan, ya ɗaure wata waya da ta kwance, bai ma san ita ce cutar ba. Kuma Allah ya sa a daidai wannan lokacin ya saki wayar yana sosa hanci saboda gari. Da atishawar ba ta taso masa ba, da wannan labari ba na dariya ba ne, da kuwa ban rubuta shi ba.

Hannunsa ya tsira. Mazagin wandonsa ne bai tsira ba. Bel ɗin injin ya cafke bakin mazagin, ya naɗe, ya ja. Bawa ya yi ihu yana kiran sunan uwarsa, ya rungume ƙafar teburi. Injin ya ja, Bawa ya ja. Buje kuwa wando ne mai yalwa, ba ya gardama. Ya zame ya bar mai shi, ya hau kan bel yana zagayawa, fat, fat, fat, ƙafafunsa biyu na dukan iska kamar yana gudu shi kaɗai. Sauran dawar jiya ta bi ta cikin injin, ga murfin bututu Bawa ya kwance, gari ya turnuƙe shagon.

Daga cikin farin hayaƙin nan wani abu ya fito da rarrafe, fari fat tun daga kai har ƙafa, sai idanu biyu ja. Ya miƙa hannu wurin ƙusa. Babu riga. Ya fizgi faifan wata mata ya kare gaba, ya ji iska a baya, ya fizgi murfin kwano.

Matan layi, waɗansu suka rufe fuska da mayafi, waɗansu suka rufe rabi.

"Assalamu alaikum," in ji wata murya a hankali.

Jauro Bobboyi ne, da sandarsa da kwaɗo a hannu, ƙarfe goma sha ɗaya daidai. A bayansa Wilson ne ke tura keke. Ya jefar da keken, ya kai hannu akwatin ya cire fis ɗin, ya shiga ya kashe makunni, ya ciro ƙwan gwajinsa ya taɓa nan ya taɓa can. Sai da ya ga ƙwan bai kama ba sannan ya kwance abin da ya rage na wandon daga jikin bel, ya miƙa wa Bawa. Bai fi a ɗaure kan yaro da shi ba.

Jauro ya daɗe yana kallon mai faifai. "Wane ne wannan?"

"Barkama, ranka ya daɗe, ni ne. Injiniya."

"Ina tufafinka?"

Edna ta fito da rigar, tana ɗiga. Ashe ƙanƙararta ta naɗe a ciki don kada ta ƙarasa narkewa. "Oga, e cold small, akwai ɗan sanyi," in ji ta. Bawa ya saka ta haka nan, haƙoransa na haɗuwa a tsakiyar zafin Afrilu, garin jikinsa ya zama ƙullu.

"Barkama, a tambaye su!" Ya nuna Malam Mika'ilu. "Ni na bi doka! Fis na aljihuna! Su suka shiga aljihuna!"

"Ba wanda ya shiga," in ji Malam Mika'ilu. "Akwai shaidu. Faɗowa suka yi."

Jauro ya dubi kan magatakarda, gefe da gefe, ya kawar da ido don kunya. Ya juya ga Wilson.

Wilson ya ce, "Bawa, aljihu na ce. Amma aljihun da kake ciki. Kai kana ƙarƙashin inji, aljihunka na shan iska a waje." Ya dubi Malam Mika'ilu. "Kai kuma Malam, da ya mutu, wace aya za ka jawo wa alƙali?"

Malam Mika'ilu ya sa hula, ta karkace, ya bar ta a haka.

"Amma injin ya tashi!" in ji Bawa. "Ku faɗi gaskiya! Wa ya tashe shi?"

Wannan ne abin da ya fi ba ni baƙin ciki a duk labarin: gaskiya ya faɗa. Wilson ya mayar da murfi, ya sa wani noti, injin ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a kan wayar da Bawa ya ɗaure bisa kuskure.

Jauro ya ɗaga makullin. "Wilson, gobe kana hanya. Wa zan ba?"

"Barkama, kafin a taɓa injin nan, akwai wanda ya tambaya ko an tabbata wutar ta fita?"

Mata suka haɗa baki: "Gogo!"

"Akwai wanda ya ce a kashe makunni?"

"Gogo!"

Wilson ya ɗauko alli ya zana almakashi a ƙarƙashin ramin dama, kwalba a na tsakiya, zangarniyar dawa a na hagu. Ya ciro ƙwan gwajinsa na biyu ya ba Gogo, ya nuna mata yadda ake yi sau biyu. Jauro ya datse kwaɗo ya miƙa mata makullin. Ta karɓa da hannu biyu, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ƙulli uku, ta soke a ƙugu.

Bawa ya buga ƙafa, ruwan ƙanƙara ya fantsama. "Barkama! Makullin wuta a hannun mai niƙa? Ko aljihu ba ta da shi! A bakin zane fa ta ɗaure!"

Gogo ta dube shi tun daga jiƙaƙƙiyar rigar har ƙafafunsa da babu wando.

"E, a zane," in ji ta. "Ni kam, ɗana, ba na rataye nawa a ƙusa."

Ta juya ga mata ta ce wa ke gaba a layi.